Marigayi Dakta Mamman Shata Da Kaset Ɗin Da Ya Riƙe Mana Muryarsa

Duk wanda ya ci kasuwar Maraɗi a shekarun 1980, ko ya hau motar haya daga Safo ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya, ya san ba a raba hanya da muryar Shata. Direba ya sa kaset, mai shayi ya sa, mai tireda ma haka.

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya kama waƙa ba, domin a wancan zamani ana ɗaukarta roƙo. Shi ma ɗan kasuwa ne tun farko: ya yi tallar goro, ya koma alewa, yana talla yana waƙa a dandali, har waƙar ta fi ƙarfin tallar. Ya zauna Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa.

Shata ba ya zama ya rubuta waƙa. Da makaɗa sun ɗaga kalangu, 'yan amshi sun karɓa, nan take yake zubo ta. Saboda haka duk wadda ya yi a gidan biki ko ƙofar wani attajiri babu rikoda a kusa, ta tafi ke nan, sai abin da ya rage a kan waɗanda suka ji. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda gidajen rediyo irin na Kaduna suka ɗauka, da waɗanda kamfanin EMI ya buga a faifai.

Shi faifan garmaho kayan masu hali ne, ga tsada, ga karcewa, rana ta buge shi ya lanƙwashe. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kai Shata ƙauye, tunda rediyo mai batir ta isa. Ya kuma buɗe wa dubban mutane hanyar abinci. Ɗan kasuwa ya saro a Ƙofar Wambai ta Kano, ya jera a tebur, ya sayar, wani ma ya kwafa ya ƙara sayarwa. Gaskiya mafi yawan ribar kwafin ba ta kai hannun mai waƙar ba. Amma da ba don masu kwafin ba, da yawancinmu ba mu taɓa jin Bakandamiya ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Allah ya yi masa rasuwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa.

Bayansa CD ya kori kaset, memori ya kori CD. Yau ka miƙa wayarka ga mai tura waƙoƙi, ya zuba maka Shata ɗari da ɗan kuɗi kaɗan. Akwai sauƙi, ba musu. Sai dai abin da ke cikin waya ba haja ba ne, ba ka jera shi a tebur, kuma ran da memori ya lalace ko aka sace wayar, shi ke nan. Haka abin yake a gidajen gem na yara: da PlayStation 5 ta fito a 2020, iri biyu aka yi, mai cin faifai da wadda sai dai a sauko da wasa ta intanet. Mai faifai in ya gaji da wasa ya sayar ko ya yi musaya, ɗayan kuwa ba shi da abin kaiwa kasuwa.

Da yawa daga waƙoƙin Shata da ke yawo a wayoyi daga tsofaffin kaset aka kwaso su, shi ya sa ake jin ƙugi a ƙarƙashin kiɗan. Wadda take da irinsu a ƙasan akwati ta kiyaye su daga rana da ƙura, domin wataƙila akwai waƙar da nata ne kaɗai ya rage.