Annabi Musa, makiyayin da Yahudawa ke kira malaminsu

Daga Mai Yara har Dakoro, da wuya a samu unguwar da babu mai suna Musa, ko Kalla, laƙabin da ya samo asali daga Kalimullahi. Alƙur'ani ya ambaci sunansa sau 136, fiye da na kowane annabi. A wurin Yahudawa kuwa, a kansa addininsu da zamansu al'umma suka ginu. Suna kiransa Moshe Rabbenu, wato malaminmu Musa.

Attaura ta ce an haife shi a Masar lokacin da Fir'auna ya sa a kashe jarirai maza na Bani Isra'ila. Mahaifiyarsa ta saka shi cikin kwando a bakin kogin Nilu, aka tsince shi, ya tashi a fada. Masana tarihi da dama na danganta labarin da zamanin Ramses na II, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da ya girma, ya ga wani Bamasare na cin zalin ɗan ƙabilarsu, ya buge shi ya mutu. Sai ya gudu Madyana. A bakin rijiya ya tarar makiyaya sun hana wasu ƴan mata shayar da garkensu, ya shayar musu. Duk wanda ya san cunkoson rijiya da rani a ƙasar Dakoro ya san girman wannan taimako. Ya auri ɗaya daga cikinsu, ya yi wa surukinsa kiwo. A jeji Allah ya yi magana da shi, ya tura shi wurin Fir'auna tare da ɗan'uwansa Haruna. Bayan annoba goma, in ji Attaura, ya fito da mutanensa suka ƙetare teku.

Fitar da bayi daga Masar rabin aikin ne. Sauran shi ne ba su doka. A dutsen Sina'i ya karɓi dokoki goma, malaman Yahudawa kuma sun ƙirga umarni da hani 613 cikin Attaura. A ciki akwai hutun Asabar har ga bawa da dabba, da biyan ɗan ƙodago kafin faɗuwar rana, da barin gefen gona ga matalauci da baƙo in ana girbi. Da surukinsa ya ga shari'a na cin ransa daga safe har yamma, sai ya ba shi shawarar naɗa alƙalai kan mutum dubu, ɗari, 50 da 10. Musa ya karɓa.

Shekara 40 ya yi da su a hamada, yana haƙuri da ƙorafinsu da bautar ɗan maraƙin zinariya. Amma bai shiga ƙasar da aka yi musu alkawari ba. Daga dutsen Nebo, a Jordan ta yau, ya hango ta, ya rasu yana da shekara 120. Attaura ta ce ba wanda ya san kabarinsa. Shugabanci kuma bai koma hannun ƴaƴansa ba, Yusha'u ɗan Nun, mai yi masa hidima, ya gaje shi.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa ɗan Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya saka fifikon annabcinsa cikin ginshiƙan imani 13. Duk da haka, littafin da iyalai ke karantawa a daren Pesah, idin tunawa da fita daga Masar, da ƙyar ya ambaci sunansa, don godiya ta tafi ga Allah kaɗai. Kowace Asabar ana karanta wani sashe na littattafan Attaura biyar a wuraren ibadarsu. Ranar da suka kai ga rasuwar Musa, a ranar suke komawa farko, labarin halittar duniya.