Alfred Werner (1866–1919): Mutumin da Ya Gano Mazaunin Ƙarfe a Cikin Sinadari

An haifi Alfred Werner ranar 12 ga Disamba, 1866, a garin Mulhouse na yankin Alsas, a gidan wani ma'aikacin masana'anta. Yana ɗan shekara huɗu Jamus ta ƙwace yankin daga hannun Faransa, don haka ya tashi da harsuna biyu a bakinsa. A 1886 ya tafi Zurik ta ƙasar Siwizalan neman ilimin sinadarai, ya sami digirin digirgir a 1890 ƙarƙashin Arthur Hantzsch.

A wancan zamani akwai rukunin sinadarai da ya gagari malamai. Idan aka haɗa ƙarfen kobal da amoniya da kulorin, sai a sami gishiri iri-iri, wani rawaya, wani shunayya, wani kore, ba tare da an san dalili ba. Sophus Mads Jørgensen na Danmak, wanda ya fi kowa iya haɗa su, ya tsaya a kan cewa amoniyar jeruwa take yi kamar sarƙa. Ra'ayinsa shi ne karɓaɓɓe.

Werner yana ɗan shekara 26 ya zo da wata magana. An ruwaito cewa ya farka da ƙarfe biyu na dare da amsar a ransa, bai ajiye alƙalami ba sai yamma. A takardar da ya wallafa a 1893 ya ce ƙwayar zarrar kobal a tsakiya take zaune kamar sarki, da fadawa shida kewaye da ita: huɗu a gefuna, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Waɗannan shida ba sa rabuwa da ita. Sauran kuwa a waje suke, da zarar an jiƙa gishirin sai su watse cikin ruwa.

Faɗa da baki ba hujja ba ce, musamman daga matashin da bai taɓa yin wani gwaji a fagen ba. Sai ya koma ga lantarki. Shi da abokinsa Arturo Miolati suka riƙa auna yadda wuta ke ratsa ruwan kowane gishiri. Inda na waje suka yi yawa, wutar ta ratsa da ƙarfi. Inda babu ko ɗaya, da ƙyar ta wuce. Lissafin ya zo daidai da hasashensa, amma Jørgensen bai sallama ba sai a 1907.

Babbar hujjar ta zo a 1911. Nazariyyarsa ta nuna cewa wasu daga waɗannan sinadarai za su zo iri biyu, kamar hannun dama da na hagu, kama ɗaya amma ba sa hawa kan juna. Bayan shekaru ana gwadawa ana faɗuwa, shi da ɗalibinsa Ba'amurke Victor King suka raba su. A 1913 aka ba shi kyautar Nobel. Masu shakka suka ce kabon da ke ciki ne ya jawo haka, sai a 1914 ya maimaita aikin da wani sinadari marar kabon, wanda Jørgensen ɗin ne ya fara haɗa shi.

Bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba. Ciwon taurin jijiyoyin jini ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya rasu a Zurik ranar 15 ga Nuwamba, 1919, yana da shekara 52.

Shekara sittin bayan rasuwarsa, David Sigman ya gano cewa tagulla, idan aka kewaye ta da sinadarin fenantorolin, tana datse zaren DNA, ma'ajiyar gadon halitta. Wasu masana sun kuma yi wannan yanka da lantarki. Sinadarin ya manne wa zaren, a tura masa wuta daidai gwargwado, ƙarfen ya karɓi ilektaron ya miƙa wa iskar oksijin, abin da ya fito ya far wa sukarin da ke riƙe da zaren har ya tsinke. Da yake zaren DNA dama yake murɗewa, Jacqueline Barton ta nuna cewa sinadarin dama da na hagu ba sa kama shi iri ɗaya. Mai neman maganin sankara ta wannan hanya dole ya fara sanin inda kowane bafade yake zaune a gefen ƙarfe, kuma Werner ne ya zana wannan taswira tun kafin a san siffar DNA.