Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa da Haƙƙin Maƙwabci

A wannan mako za mu ba da tarihin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda ba a sake yin wani ba a bayansa. Tarihinsa yana da faɗi, saboda haka gefe guda za mu kama, watau yadda ya zauna da ƙasashen waje, musamman maƙwabta. Wannan gefe kuwa ya shafi mutanen ƙasar Daura ƙwarai, domin su ne masu kwana da tashi a bakin iyaka. Wanda ya fita daga Daura ya bi ta Mai'aduwa, ba da jimawa ba zai isa Kwangwalam, da ya ƙetare kuwa ya shiga Nijar.

Abin da ya sauƙaƙa wa na baya sanin aikinsa shi ne takardu. Na gwamnatocin zamaninsa suna ajiye a gidajen ajiye takardun tarihi na Kaduna da Ibadan, da kuma Gidan Arewa, watau tsohon gidan Sardauna a Kaduna. Turawan Ingila sun buɗe nasu a London bayan cikar shekara 30, bisa dokarsu ta wancan lokaci. Amurka ma ta buga wasiƙun Ma'aikatar Harkokin Wajenta, ɗakin ajiye takardun Shugaba Kennedy da ke Boston kuma yana riƙe da hotuna da takardun ziyarar da Abubakar ya kai can. Sam Epelle ya tattara jawabansa ya buga a 1964, sa'an nan Trevor Clark, wani Bature da ya yi aikin mulki a Bauchi ya kuma san shi, ya rubuta tarihinsa mai tsawo a 1991.

An haifi Abubakar a cikin 1912 a garin Tafawa Balewa, cikin ƙasar Lere ta Lardin Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana cikin masu yi wa Hakimin Lere hidima, watau dai Abubakar ɗan talaka ne. Ya fara da makarantar allo, ya shiga elementare, ya wuce makarantar lardi a Bauchi. A 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, inda ya zauna da 'ya'yan sarakuna da na malamai daga ko'ina cikin Arewa, har ya fita a 1933 ya koma koyarwa a Midil ta Bauchi. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi a zamanin cinikin bayi. Daga 1945 zuwa 1946 ya yi karatun aikin malanta a Jami'ar London.

Da ya dawo sai aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa, daga nan ya tafi Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. A watan Agusta 1950 ya kawo shawara a majalisar Kaduna a gyara tsarin En'e yadda talaka zai sami bakin magana, abin da bai yi wa wasu sarakuna daɗi ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sa'an nan Ministan Sufuri. A 1957 ya zama Firayim Minista. Da aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960 ya riƙe harkokin waje da hannunsa, sai a tsakiyar 1961 ya danƙa wa Jaja Wachuku. Ko da Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa, ragamar mulki tana hannun Firayim Minista, shi ne mai zama da shugabannin duniya.

To, babbar tambayar da ta fara fuskantar sababbin ƙasashen Afirka ita ce ta iyaka, ƙasar Daura kuwa misali ce a fili. Bayan jihadi ya ci Daura a 1805, sarakunan Haɓe sun fita, zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka yi yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan suka aiko da ma'auna suka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa tsohuwar ƙasar Daura, ya bar Magarya da Damagaram a hannun Faransa, Daura da Zango da Ɓaure a hannun Ingila. Wa ya kwana a nan, ƙane ya kwana a can, alhali harshe ɗaya, addini ɗaya, kasuwa ɗaya. Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya hau gado a 1911 ya rasu a 1966, duk zamaninsa da wannan iyaka ya zauna.

Nijeriya ta fi maƙwabtanta yawan jama'a da dukiya nesa ba kusa ba, saboda haka ƙananan ƙasashe suna tsoron kada ta ce za ta haɗiye su da sunan tara dangi. Ran 7 ga Oktoba 1960, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Abubakar ya tashi a New York ya kwantar musu da hankali. Ya bayyana cewa Nijeriya ba ta kwaɗayin ƙasar kowa, tana son zaman lafiya da kowa, kuma ba za ta bi wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe ba. Ra'ayinsa game da iyaka shi ne, ko da yake Turawa ne suka shata ta ba da shawarar masu ƙasa ba, a bar ta yadda take har sai mutanen wurin da kansu sun yarda a canja. An gwada shi a kan wannan ba da daɗewa ba. Ran 11 ga Fabrairu 1961 aka jefa ƙuri'a a Kamaru ta Ingila: arewacinta ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, kudancinta ya zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ya karɓi wanda ya zo, ya sallami wanda ya tafi, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Sai maganar bam. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa, a ƙarƙashin Shugaba de Gaulle, ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya. Mutanen Afirka ta Yamma sun tsorata ƙwarai, don kowa ya san iskar hunturu daga can take kwaso ƙura, garuruwan bakin iyaka irin su Daura da Katsina kuwa su ne take fara samu. Nijeriya ta yi gargaɗi ba a ji ba. Da Faransa ta yi gwaji na uku ran 27 ga Disamba 1960, sai gwamnatin Abubakar ta kori jakadanta daga Ikko a farkon Janairu 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na sama na Faransa sauka a Nijeriya. Amma fa sai aka ga bulalar ta sauka a bayan wanda bai yi laifi ba, domin Nijar da Cadi ba su da teku, kayansu da yawa ta tashoshin Nijeriya suke bi. Bayan 'yan watanni ya ɗage hanin jiragen, ya bar fushinsa a kan gwamnatin Faransa kaɗai, ba a mai da jakada ba sai bayan shekaru.

A lokacin nan shugabannin Afirka sun rabu biyu. Waɗanda suka taru a Kasabalanka a watan Janairu 1961, irin su Nkrumah na Gana da Nasir na Masar, suna ɗokin haɗewa cikin gaggawa, Nkrumah ma gwamnati ɗaya yake so ga Afirka duka. Waɗanda suka taru a Manrobiya a watan Mayu 1961, da Ikko a watan Janairu 1962, suna ganin a fara da ciniki da hanyoyi da waya, kowace ƙasa tana riƙe da ikonta. Abubakar yana cikin jigogin na biyun. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa ran 25 ga Mayu 1963, ra'ayinsu ne ya rinjaya a cikin tsarinta: ƙasa babba da ƙarama daidai suke, ba a tsoma baki cikin harkar gidan wani, rigima kuwa a kashe ta da sulhu. A taron Alƙahira na Yuli 1964 aka tabbatar da riƙe iyakokin da aka gada. A watan Mayu na wannan shekara kuma ya haɗu da Shugaba Hamani Diori na Nijar, da Ahmadu Ahijo na Kamaru, da Tombalbaye na Cadi, suka kafa Hukumar Tafkin Cadi don a ci moriyar ruwan tare.

Har ila yau a 1964 mayaƙan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary suka shiga Nijar da makamai don su kifar da Diori, a watan Afrilu 1965 kuma aka jefa masa gurneti a filin Idi na Yamai, Allah ya kuɓutar da shi. Nijar da abokanta suka zargi Gana da horar da mutanen, suka ce ba za su je taron ƙungiyar da za a yi a Akara ba. Abubakar ya nemi a tara ministocin Afirka a Ikko a watan Yuni 1965 don a sasanta. Sulhun bai cika ba, domin Nijar da wasu sun ƙi zuwa Akara, amma ƙungiyar ba ta wargaje ba.

Da manyan ƙasashe kuwa ya bi a hankali. A watan Maris 1961 yana cikin waɗanda suka matsa a taron London har Afirka ta Kudu ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila saboda wariyar launin fata. Ya aika da soja da 'yan sanda Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. A watan Yuli 1961 Shugaba Kennedy ya karɓe shi a Washington, ya kuma yi jawabi a Majalisar Wakilan Amurka. A ƙarshen shekarar Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 don shirin raya ƙasa. Ran 23 ga Agusta 1963 su biyun suka yi magana ta waya ta hanyar tauraron ɗan Adam, karo na farko ke nan tsakanin shugabannin gwamnati biyu. Masu suka sun ce ya cika jingina da Turawan Yamma, suna kafa hujja da yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, a watan Janairu 1962 aka soke ta. A gida ma ya sha bamban da shugaban jam'iyyarsa: Sardauna ya ƙi duk wata hulɗa da Isra'ila, shi kuwa, ko da yake Alhaji ne mai riƙo da ibada, ya bar ofishin jakadancinta a Ikko, yana ganin gwamnatin tarayya ta Musulmi ce da Kirista baki ɗaya.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa sulhun da ya iya a waje ya gagare shi a gida. An sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, aka yi rigimar ƙidaya a 1962 da 1963, zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya zo da gardama, na Jihar Yamma na Oktoba 1965 kuwa ya jawo ƙone-ƙone da kisa. Ana cikin haka ya tara shugabannin Ƙasashe Renon Ingila a Ikko ran 11 da 12 ga Janairu 1966 a kan Rodeshiya, inda Turawa 'yan tsiraru suka ƙwace mulki. Mutane da yawa sun ga kamar ya tafi kashe gobarar maƙwabci alhali tasa tana ci. Ran 15 ga Janairu, cikin watan Ramalana, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa da dare. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a bayan Ikko, aka kai Bauchi aka yi masa sutura. Sananne ne cewa bai bar dukiyar da za a yi magana a kanta ba. A cikin shekarar ne kuma Wamban Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, ya zama Sarkin Daura.

Jama'a, abin da takardun nan suka nuna shi ne mutum mai ƙarfi a tsakanin raunana, wanda ya ɗauki ƙarfinsa amana, in zai ɗaga sanda sai ya duba wanda za ta sama. Mutanen bakin iyaka sun san darajar wannan hali. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, aka kuma yi ta maganar kai yaƙi. Kasuwanni irin su Mai'aduwa suka ji a jikinsu, dangi suka kasa ziyartar juna cikin sauƙi. 'Yan majalisar dattawa suka ƙi goyon bayan yaƙi, tawagar malamai ta tafi Yamai neman sulhu, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris 2024. Da masu yanke hukunci sun buɗe takardun 1961, da sun ga an taɓa bin wannan hanya, an kuma ga wanda ya wahala. Ya kamata ɗalibanmu da ma'aikatanmu su riƙa zuwa Kaduna suna karanta su, gwamnati kuma ta kula da gidajen ajiyarsu kafin gara da ruwan damina su gama da su.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shugabanninmu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabci, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.