Roger Casement, Jakadan Da Ya Tona Asirin Kamfanonin Danƙo

Yau za mu ba masu karatu labarin wani ma'aikacin Gwamnatin Ingila, wanda aka aika har sau biyu don ya dubo abin da kamfanonin ciniki ke yi wa talakawa a wuraren da idon hukuma ba ya kaiwa. Sunansa Roger Casement, mutumin ƙasar Ailan. An haife shi kusa da birnin Dablin cikin 1864.

Yana da shekara ashirin ya tafi Kwango neman abinci. Cikin 1892 ya kama aikin Gwamnati a Kalaba, nan ƙasarmu, daga baya aka naɗa shi ƙaramin jakada. A zamanin nan kuwa Kwango tana hannun Sarkin Beljiyam, Leopold na Biyu, ya mai da ita kamar gandunsa, ya yayyanka ya ba kamfanoni su tara danƙo. Da labarin zalunci ya yi yawa, sai cikin 1903 Gwamnatin Ingila ta umurci Casement ya bi kogi ya gano mata gaskiyar al'amari. Ya tarar an aza wa kowane ƙauye yawan danƙon da zai kawo. In ya kasa, sai a kama mata a tsare, a tsala wa maza bulala. Har waɗanda aka datse wa hannu ya gani da idonsa. Aka buga rahotonsa cikin 1904, surutu ya tashi a Turai, bai kwanta ba sai da Gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun sarkin cikin 1908.

Cikin 1910, sa'ad da yake aikin jakadanci a Birazil, aka sake aikensa, wannan karon zuwa Putumayo, wani surƙuƙin daji a iyakar Peru da Kolombiya. Wani kamfani mai suna Peruvian Amazon, na wani attajirin Peru, Julio César Arana, shi ke tara danƙo a can. Dalilin da Ingila ta sa baki shi ne a Landan aka yi wa kamfanin rajista, cikin shugabanninsa akwai Ingilishi, kuma ya ɗauki mutanen tsibirin Barbados aiki, watau talakawan Sarkin Ingila. Daga bakin waɗannan ma'aikata Casement ya ɗauki shaida, ya kuma ga tabon bulala a jikin mutanen dajin, manya da yara, waɗanda ake bautarwa ba lada.

Aka ba shi lambar girma ta Sa cikin 1911, aka buga rahotonsa cikin 1912. Majalisar Dokokin Ingila ta kafa kwamiti, wanda cikin 1913 ya ɗora wa shugabannin kamfanin na Landan laifin sakaci, gama bai karɓi uzurin rashin sani ba. Kotu ta rufe kamfanin. Amma Arana bai kwana gidan yari ba, har ma daga baya ya zama ɗan majalisar dattawan Peru.

Ƙarshen Casement bai yi daɗi ba. Ya bar aiki ya shiga neman 'yancin Ailan, ya tafi Jamus neman taimako ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Da ya komo aka kama shi, aka yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa, aka rataye shi a Landan ran 3 ga Agusta, 1916. Sai cikin 1965 aka mai da ƙasusuwansa Ailan, aka binne shi da girmamawa.

Abin da muka gani a rayuwarsa shi ne, kamfani ba ya kai ƙarar kansa. Wajibi ne hukumar da ta ba shi izinin ciniki ta aika amintacce ya gano, gama gani ya kori ji. In an gano kuma, a hukunta mai laifi. In ba haka ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.