Ummu Kulsum, ɗiyar limamin ƙauye da ta zama Tauraruwar Gabas

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun leƙa ƙasar Masar domin mu kawo muku rayuwar Ummu Kulsum, mawaƙiyar da Larabawa suka yi wa laƙabi da Tauraruwar Gabas. Ta rasu tun shekarar 1975, amma har yanzu da wuya ka shiga wurin shan shayi a Alƙahira ko ka hau motar haya ba ka ji muryarta ba. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, mutane da yawa in an yi zancenta sai su tsaya ga baiwar murya kaɗai, alhali tarihinta ya nuna shekaru ta kwashe tana gyaran wannan murya gaban malamai, sannan ta riƙe ragamar makaɗanta da kuɗinta da hannunta, abin da ya ja mata ɓacin rai har da waɗanda suka fi kusa da ita.

An haifi Ummu Kulsum a wani ƙaramin ƙauye mai suna Tamay Zahayra, cikin jihar Daƙahliyya, a yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, daidai lokacin da ƙarni na 19 ke ƙarewa, na 20 ke shigowa. Mahaifinta, Shehu Ibrahim Baltaji, shi ne limamin ƙauyen. Da yake abin da limanci ke kawowa ba ya isar gida, yakan tafi bukukuwan aure da na Maulidi yana rera waƙoƙin yabon Annabi (SAW), a ba shi abin da ya samu. An sa yarinyar makarantar allo, abin da ba kowace ɗiya mace ke samu ba a ƙauyukan wancan zamani. Can ta koyi karatun Alƙur'ani da tajwidi, wato fitar da kowane harafi daga mafitarsa, da sanin inda ake ja da inda ake tsayawa a ɗauki numfashi. Masana kiɗan Larabawa sun haɗu a kan cewa wannan karatu shi ne tushen waƙarta, domin har ta tsufa mai saurare ba ya rasa kalma guda cikin abin da take faɗi, ko da kuwa baitin na tsohon Larabci ne mai wuya.

Waƙa kuwa a ɓoye ta fara koyonta. Uban yana koya wa wanta Halidu, ita tana gefe tana saurare, har ranar da ya ji tana maimaita abin da ya koyar da murya mai ƙarfi fiye da shekarunta. Daga nan ya sa ta cikin tawagarsa. Sai dai liman ne, kuma yana jin nauyin a ce ɗiyarsa na waƙa gaban maza, don haka ya riƙa sa mata riga da rawani irin na samarin Larabawan daji. Haka suka yi ta zagaya ƙauyuka, da farko da ƙafa, daga baya bisa jaki, da abin ya bunƙasa har da jirgin ƙasa. Babu goge babu ganga, ita ke bada waƙa, uban da wan da wasu dangi suna amshi.

Cikin wannan yawo ne wasu manyan mawaƙa biyu suka ji ta, Shehu Zakariyya Ahmad da Shehu Abul Ila Muhammad, suka kuma ba uban shawarar ya kai ta Alƙahira. Wajen shekarar 1923 iyalin suka tare a birnin. Nan ne ta gane ƙarfin murya kaɗai ba ya isa. Birnin na da taurarinsa, irin su Munira Mahdiyya da Fatahiyya Ahmad, kuma ƴan birni suna yi mata kallon baƙauya mai waƙoƙin Maulidi. Maimakon ta yi zuciya, sai ta koma ɗaliba. Shehu Abul Ila ya koya mata tsofaffin ƙasidu da yadda ake sarrafa murya ta bi ma'anar baiti, ta yi laushi inda ake so, ta tashi inda ake so, har zuwa rasuwarsa a 1927. A 1924 ta haɗu da marubucin waƙoƙi Ahmad Rami, wanda bai daɗe da komowa daga karatu a Faransa ba. Shi ya buɗe mata littattafan adabin Larabci, ya kuma rubuta mata waƙoƙi fiye da 100 a tsawon zamansu. Ta koyi kaɗa udu, wato garayar Larabawa, ta kuma koyi zama da sutura irin na manyan gidajen birni.

Shekarar 1926 ita ce mararrabar rayuwarta. A cikinta wata jarida ta buga maganar ɓatanci a kanta, har uban ya ƙudura ya maida ta ƙauye, sai da manyan mutanen da ke ƙaunar waƙarta suka sa baki ya haƙura. A cikinta kuma ta yanke shawarar da ta fi kowace nauyi: ta sauke ƴan amshinta, wato mahaifinta da wanta, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa a madadinsu. Muhammad Ƙasabji ya riƙe udu, Sami Shawwa ya riƙe goge irin na Turawa, Muhammad Aƙƙad kuma ya riƙe ƙanun, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake ɗorawa bisa cinya. Duk wanda ya san matsayin uba a gidan malamai ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗiya mace. Ta aje rawanin samari, ta fito cikin doguwar riga ta mutunci da ɗan ƙyalle a hannu, wanda ya zama alamarta har ƙarshe. Kafin shekara 2 faifan garmahonta sun mamaye kasuwa, ta shiga gaban waɗanda ta tarar.

Daga nan sai ta juya ga sha'anin kuɗi. A wancan lokaci dillalai ke kama gidan wasa, su sayar da tikiti, su ba mawaƙi abin da suka ga dama. Cikin shekarun 1930 Ummu Kulsum ta raba gari da su, ta koma ita ke shirya wasanninta, ita ke zama da kamfanonin faifai ta yi ciniki, kuma an san ta da tsanani wajen ciniki. Da aka buɗe gidan radiyon gomnatin Masar ranar 31 ga watan Mayu 1934, tana cikin waɗanda suka yi waƙa a bukin. Ta gane da wuri cewa radiyo zai kai ta inda jaki da jirgin ƙasa ba su kai ta ba. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara watsa wasanta kai tsaye ranar Alhamis ta farkon wata da dare, a watannin da take wasa, kuma aka ɗore da haka har 1973. A irin wannan dare tituna kan yi tsit daga Bagadaza har Maroko, masu shaguna su rufe da wuri, iyali su kewaye akwatin radiyo. Ta kuma fito a finafinai 6 tsakanin 1936 da 1947, sannan ta bar silima ta maida hankali ga dandali.

Yadda take gudanar da wasan ma abin dubawa ne. Waƙa 2 ko 3 kaɗai take yi a dare, amma kowace takan kai awa guda ko fiye. Takan ɗauki baiti ɗaya ta maimaita shi sau da yawa, kowane karo da salon da bai yi kama da na baya ba, jama'a na sowa suna roƙon ta sake. Wannan ba ya yiwuwa sai da makaɗan da suka san numfashinta, waɗanda za su bi ta duk inda ta karkata ba tare da takarda ta gaya musu ba. Shi ya sa take tsananta bita, a yi ta maimaita waƙa guda makonni kafin a fitar da ita, kuma da yawa cikin makaɗanta sun yi shekaru aru-aru tare da ita. Takan tsaya nesa kaɗan da makirfo saboda ƙarfin muryarta. Ita ke zaɓen baitocin da za ta rera, takan sa a canza kalmar da ba ta kwanta mata ba, takan kuma maida wa mai tsara kiɗa aikinsa ya gyara. Shahararriyar waƙarta Al-Atlal ta 1966 daga ƙasidu biyu na marigayi Ibrahim Naji aka haɗa ta, Riyad Sunbati ya tsara kiɗan. Shi dai Sunbati ne ya tsara mata a 1946 ƙasidun yabon Annabi na Ahmad Shauƙi, ciki har da Nahjul Burda, wadda aka yi bisa tafarkin Burda ta Busiri da malamanmu ke karantawa a nan ƙasar Hausa.

Amma riƙon ragama yana da farashinsa, kuma makusantanta ne suka biya wani sashe. Zakariyya Ahmad, wanda ya taimaka aka kawo ta birni, ya kuma tsara mata waƙoƙin da talakawa suka fi so a shekarun 1940, ya kai ƙara kotu kan haƙƙinsa na waƙoƙin da ake sawa a radiyo. Fiye da shekara 10 ba su yi aiki tare ba. Sai a 1960 aka sasanta su, ya yi mata waƙa guda, ya rasu a 1961. Labarin Ƙasabji ya fi ban tausayi. Shi ne ya tsara kiɗan da ya ɗaga ta a farko, amma daga ƙarshen shekarun 1940 ta daina karɓar abin da ya tsara. Bai yi fushi ya tafi ba, ya zauna bayanta yana kaɗa udu cikin waƙoƙin wasu har ya rasu a 1966. Bayan rasuwarsa ta sa aka bar kujerarsa ba kowa a kan dandali.

Siyasa ma ta taɓa ta. Sarki Faruƙ ya ba ta lambar girma a 1944, kuma a shekarun nan ne makaɗa suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu, mace guda gaban maza. Da sojoji suka kifar da sarauta a 1952, sai aka hana sa waƙoƙinta a radiyo bisa zargin ta yi wa tsohon mulki waƙa. Jamal Abdul Nasir, wanda yake cikin sojojin da aka yi wa ƙawanya a Faluja lokacin yaƙin Falasɗinu na 1948, kuma ya san yadda ta karrama su bayan komowarsu, shi ya sa aka janye hanin. A daidai wannan lokaci ciwon maƙoƙo ya sa ta gaba, ciwon da ke zaune dab da inda abincinta yake, har ta tafi Amurka neman magani a 1953. Idanunta ma suka raunana, dalilin baƙin tabarau ɗin da aka san ta da shi ke nan. A 1954 ta auri likita Hasan Hifnawi.

Da shekaru suka ja, muryar ta ƙara kauri, ba ta hawa sama kamar da. Ba ta yi gardama da wannan ba, sai ta sake salo. Ta jawo matashi Balig Hamdi ya fara tsara mata kiɗa a 1960, ta faɗaɗa ƙungiyar makaɗan, sannan a 1964 ta yarda ta yi aiki da babban abokin gasarta Muhammad Abdul Wahab a waƙar Inta Umri, inda aka shigo da gita mai lantarki. Samarin da aka haifa bayan ta yi suna suka koma masu saurarenta.

Bayan kashin da Masar ta sha a yaƙin 1967, Ummu Kulsum, tana tsohuwa kuma ba cikakkar lafiya, ta ɗauki makaɗanta ta shiga duniya tana tara wa ƙasarta kuɗi. Ta yi dare 2 a gidan wasa na Olympia da ke birnin Paris a watan Nuwamba 1967, ta je Maroko da Tunusiya da Libiya da Kuwait, ta je Sudan a watan Disamba 1968, abin da aka samu ta zuba a baitulmalin gomnati. Ziyarar Sudan ce ta sa daga baya ta rera waƙar marubucin ƙasar, Alhadi Adam, a 1971. Tana birnin Mosko a watan Satumba 1970 tana shirin wasa labarin rasuwar Abdul Nasir ya iske ta, ta fasa ta komo gida.

Wasanta na ƙarshe gaban jama'a shi ne na watan Janairu 1973. Ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, ta rasu ranar 3 ga watan Fabrairu 1975. Ranar jana'izarta miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira, har suka karɓe makarar daga hannun jami'ai suka yi ta miƙa ta bisa kafaɗu zuwa masallacin Sayyidina Husaini, kafin a samu a kai ta makwancinta. A 2001 gomnatin Masar ta buɗe gidan tarihi da sunanta a tsibirin Rauda, inda aka aje rigunanta da tabarau da ƙyallayen da take riƙewa.

Mun kawo wannan tarihi ne musamman saboda matasanmu masu sha'awar waƙa, waɗanda ke ganin da zarar an shiga ɗakin ɗaukar murya an fito, aiki ya ƙare. Ummu Kulsum ta riga ta yi suna a ƙauyuka lokacin da ta durƙusa gaban Shehu Abul Ila, kuma ta kusa shekara 50 bisa dandali ba ta bar bita ba. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.