Sterling Hendricks, ma'aikacin gwamnatin da ya gano yadda tsiro ke sanin haske

Duk wanda ya taɓa ɗaga randa ya tarar wake ya tsiro a ƙarƙashinta ya san kamannin tsiron duhu: dogo ne siriri, fari fat, kansa a lanƙwashe, ganyensa a naɗe. Da zarar haske ya taɓa shi sai kan ya miƙe, ganyen ya buɗe ya soma yin kore. Cikin waɗanda suka gano abin da ke sanar da tsiron cewa ya fito fili akwai Sterling Hendricks na Ma'aikatar Noma ta Amurka.

An haife shi a jihar Texas a 1902. Ilmin sinadarai ya karanta, ya kuma sami digirin digirgir a 1926 a hannun Linus Pauling. Daga nan ya kama aikin gwamnatin tarayya, inda ya fara yin suna a binciken yumɓu, ba na tsirrai ba.

A tashar bincike ta Beltsville da ke jihar Maryland ya haɗa kai da masanin tsirrai Harry Borthwick. Suka harhaɗa na'ura mai rarraba haske launi-launi kamar bakan gizo, suna jera tsirrai a ƙarƙashin kowane launi. A 1952 suka nuna cewa jan haske na sa irin latas ya tsiro, amma wani ja mai duhu, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, yana soke wannan umarni. Ko sau nawa aka musanya su, hasken ƙarshe ne ke yanke hukunci. Hendricks ya ce lallai sinadari ɗaya ne mai siffa biyu, yana juyawa kamar makunnin lantarki.

Sai dai ba wanda ya taɓa ganin sinadarin, kuma shekara bakwai aka yi wasu masana na ɗaukarsa zato kawai. A cikin koren ganye ba ya ganuwa, domin launin koren ya rufe shi. Tsiron duhu ne ya raba gardama: ba shi da koren, ga shi kuma ya tara sinadarin da yawa yana jiran haske. A 1959 Hendricks da Warren Butler da Harold Siegelman da Karl Norris suka gano shi a tsiron masarar da aka rena cikin duhu. Abin sha'awa, na'urar da suka yi aiki da ita Norris ya ƙera ta ne don duba ingancin amfanin gona. Aka raɗa wa sinadarin suna faitokurom.

Hendricks ya yi ritaya a 1970, ya sami lambar yabon kimiyya ta ƙasarsa ta 1975. Ya rasu a Kalifoniya ranar 4 ga Janairu, 1981.