Shehu Umarul Futi (R.A.): shekara uku na hidima kafin takobi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa ahbabu, duk wanda ya zauna bencin lakkwal a ƙasar nan ya san sunan Alhaji Umar Tal. A darasin tarihi aka koya mana shi: mayaƙi ne, ya kafa daula, ya kara da Faransawa. Sai da na fara zama zawiyya bayan wazifa, ana karanta mana Rimahu, na tambayi wanda ya wallafa littafin, na gane ashe mutum ɗaya ne. Na ji kunya ranar. Na haddace shekarun yaƙe-yaƙensa don jarrabawa, amma ban san shi ne ya fara shimfiɗa wuridin Shehu Tijani (R.A.) a ƙasar Hausa ba.

An haife shi wajen shekarar 1796 a Halwar, kusa da Fodor, cikin Futa Toro ta Senegal. Sunan mahaifinsa Sa'idu, mahaifiyarsa Adama. Gidan malamai ne na Toronkawa, tushen da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fito daga cikinsa. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya shiga yawon neman ilimi har ya haɗu da Shehu Abdulkarim Annaƙil, mutumin Futa Jalo, wanda ya ba shi wuridi. Abdulkarim ya karɓa daga Maulud Fal, shi kuma daga Sidi Muhammadul Hafiz na Shingiɗi, shi kuma daga hannun Shehu Tijani a Fas. Mutum uku ke nan tsakaninsa da mai ɗariƙa.

Tare suka yi niyyar hajji da malaminsa, amma ciwo ya tsayar da Abdulkarim, ya rasu a Masina. Almajiri ya ci gaba. Ya ratso ƙasar Hausa, ya keta Sahara ta Fezzan zuwa Misira, ya isa Makka a 1828. Mu da muke hawa jirgi a Yamai mu sauka ƙasa mai tsarki a yini guda, da wuya mu gane abin da wannan tafiya ta ƙunsa.

A Makka ya sadu da Sidi Muhammadul Gali, sahabin Shehu Tijani kuma wakilinsa a Hijaz. A ganina nan ne zuciyar tarihinsa take, kuma nan ne littafin lakkwal ya tsallake. Shehu Umar ya riga ya zama malami a lokacin, wanda zai iya buɗe makarantarsa a ko'ina. Sai ya ajiye malantar, ya miƙa kansa da dukiyarsa ga Sidi Gali, ya bi shi Madina, ya zama hadiminsa kusan shekara uku. Ba ya zartar da komai sai da izininsa. Bayan wannan tarbiyya, a masallacin Manzon Allah (S.A.W.), aka ba shi izini cikakke, aka naɗa shi halifan Shehu a ƙasashen baƙar fata na yamma. Muƙaddami yana ba da wuridi ne gwargwadon izinin da aka ba shi. Halifa kuwa yana tsaye a madadin Shehu, muƙaddamai suna ƙarƙashinsa. Mu ɗalibai, da an karanta ɗan littafi biyu sai a fara gyara wa malamai zama. Wannan bawan Allah bai ɗaga murya ba sai da ya iya yin shiru.

A hanyar dawowa labarin saɓanin da ke tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno yana damunsa. Ya tsara waƙar Larabci mai suna Tazkiratul Gafilina, yana kiran shugabannin biyu su daina zubar da jinin Musulmi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ya yada zango a Borno, sannan ya zauna Sakkwato kimanin shekara bakwai. Bello ya girmama shi, ya aurar masa da ɗiyarsa Maryam. A ƙasar Sakkwato aka haifi ɗansa Ahmadu, wanda ya gaje shi. Ya yi ta ba da wuridi a garin da yake cibiyar Ƙadiriyya, kuma cikin waɗanda suka karɓa akwai Modibbo Raji na Gwandu, wanda daga baya ya koma Adamawa. Ya kuma raka Bello yaƙi, har da na Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Ni haihuwar Maraɗi ne, don haka ban karanta wannan wuri da sanyin jiki ba. Kakanninmu suna wancan ɓangaren a ranar, ga shi yau jikokinsu ne ke cika sahun zikirin Juma'a suna karanta littafin baƙon Bello. Lamarin Allah ke nan.

Bello ya rasu a 1837, shekara ta zagayo Shehu Umar ya kama hanyar yamma da iyalinsa da almajirai, cikinsu har da Hausawa. Ya bi ta Hamdullahi da Segu, ya sauka Jegunko a Futa Jalo, ya zauna karantarwa. A can ya kammala Rimahu a shekarar 1261 ta Hijira, wato 1845. Fasali hamsin da biyar ne, yana bayanin buƙatar muridi ga shehi, da sharuɗɗan ɗariƙa, da ladubban zikiri, yana kare waliyyai daga masu inkari, kowace magana da hujjarta daga malaman da suka gabata. Da aka zo buga Jawahirul Ma'ani a Alƙahira, a gefen shafukansa aka sa Rimahu, shi ya sa duk inda Jawahiru ya shiga, daga Kaulaha zuwa Kiyota zuwa Kumasi zuwa Omdurman, tare suke shiga. Yana da Safinatus Sa'ada ma, yabon Annabi (S.A.W.) da ya gina a kan Ishiriniyar Alfazazi, wadda muke rerawa a daren Mauludi.

Jama'a ta yi yawa har sarakunan Futa Jalo suka tsargu, sai ya yi hijira zuwa Dingirai, cikin Gini ta yau, wajen 1849. A 1852 ya fara jihadi da Tamba. Ya ci Nioro ta Bambarawan Karta a 1855. A 1857 ya kewaye ganuwar Faransawa ta Madin a bakin kogin Senegal kimanin wata uku, har ruwa ya ƙaru, gwamna Faidherbe ya iso cikin jirgin ruwa da igwa ya kwance kewayen. Shehu ya fahimci ba a zauna inuwa ɗaya da Nasara ba, ya koma Futa ya kira mutane su yi hijira, dubbai suka bar gonakinsu suka bi shi gabas. A watan Maris na 1861 ya shiga Segu.

Daga nan labarin ya yi nauyi. Sarkin Segu ya gudu wajen Ahmadu Ahmadu, jikan Shehu Ahmadu Lobbo, mai mulkin Masina, daular Musulunci ta Fulani. Masina ta ce Sarkin Segu ya musulunta a hannunta, yana cikin amanarta. Shehu Umar ya ce ga gumakan da ya samu a fadar Segu, kuma wanda ya haɗa runduna da masu bautar gumaka don yaƙar Musulmi ya jiɓince su. Ya rubuta littafi guda, Bayanu Ma Waƙa'a, yana kafa hujjarsa. Aka yi ta musayar wasiƙu, ba a daidaita ba. A 1862 aka gwabza, Hamdullahi ta faɗi, aka kashe Ahmadu Ahmadu.

Wani abokin karatuna a jami'a ya taɓa jefa mini wannan a fuska: ina waliyyin da ya yi wa Bello da Shehu Laminu wa'azin sulhu? Ban yi masa musun abin da ya faru ba, don ya faru. Masu salla ne suka faɗi ta kowane ɓangare, kuma a ɗaya ɓangaren akwai Sidi Ahmadul Bakka'i na Tumbutu, babban shehin Ƙadiriyya, wanda ba a raina iliminsa. Abin da na ce masa shi ne, ma'asumanci na annabawa ne, Shehu ya yi ijtihadi, ya rubuta hujjarsa don malamai su auna, bai ɓoye ta ba. Ni dai ban kai matsayin yin alƙalanci tsakanin waɗannan mazaje ba, kuma ba na so mu riƙa tsallake wannan babi idan muna ba ƙannenmu tarihi, su je su ji shi a bakin mai inkari.

A 1863 Fulanin Masina suka yi tawaye tare da Kuntawa, suka kewaye shi a Hamdullahi wata da watanni. Ya aiki ɗan ɗan'uwansa Tijani ya nemo gudummawa. Da yunwa ta tsananta, Shehu ya fita da ƴaƴansa da ƴan tsirarun almajirai zuwa duwatsun Degembere, kusa da Bandiyagara. A watan Fabrairun 1864, cikin Ramadan na 1280, albarushi ya tashi a kogon da suke. Ba a ga gawarsa ba. Tijani ya iso bayan komai ya wuce.

Daular ba ta daɗe ba. Faransawa suka karɓe Segu a 1890, Bandiyagara a 1893. Ahmadu ya yi hijira gabas, ya ratsa yammacin Nijar ta yau, ya koma ƙasar Sakkwato inda aka haife shi, ya rasu a can wajen 1897. Jama'arsa sun tsaya tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Wasu suka zauna Ƴan Leman ta ƙasar Haɗeja, wasu suka wuce tare da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu, wanda ya zama madogarar alhazan Tijjanawa a Madina har rasuwarsa a 1931. A Senegal kuwa Alhaji Malik Si na Tiwawan ya karɓi wuridi daga kawunsa, wanda ya karɓa a hannun Shehu Umar.

A 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal wani takobi da ake danganta masa, aka yi biki a Dakar. Littattafan da Kanar Archinard ya kwashe daga Segu kuwa, ɗaruruwan mujalladai, suna nan a babban ɗakin karatu na birnin Paris. Allah ya ƙara wa Shehu Umar yarda, ya jiƙan duk Musulmin da suka kwanta a waɗancan filaye, amin.